Darasi Na Goma Sha Ɗaya: Kula Da Kayan Ɗakin Da Muka Gada

Da wuya a shiga gidan da ya kwana biyu a ƙasar Hausa a rasa wani abu da uwa ko kaka ta bari. Wani gidan kwalla ce mai zanen fure, wani tasa ce ta tagulla, wani kuma farantan tangaran ne da kofunan shayi da aka kawo tsaraba daga Makka. Akwai masu akushi, akwai masu ƙorai, akwai masu adaka cike da zannuwan saƙi. Irin waɗannan kaya ba kasafai tsufa ke kashe su ba. Mafi yawan ɓarnar a hannunmu take faruwa, kuma a lokuta uku: ranar wanki, ranar tashi daga gida zuwa gida, da ranar rabon gado. Wannan darasi zai bi ta kan yadda za mu rage wannan ɓarna.

Yadda jere ya riƙa sauyawa

Kafin zuwan kwano, ƙorai da akusa da tasoshi su ne adon ɗakin amarya. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka yawaita, kwanukan ƙarfe masu launi suka fara shigowa, da farko daga Turai, daga baya daga Honkon. Daga shekarun 1960 aka kafa masana'antun yin su a Legas da Kano. Ta haka kwalla da langa da kumbo suka mamaye bangon ɗaki, samira ta biyo baya, sannan tangaran da gilashi suka samu shiga cikin kabad.

Jere bai taɓa zama ado kawai ba. Ajiyar mace ne. In gari ya yi zafi ta ɗauki kwalla ɗaya ta ba dillaliya, in auren 'yarta ya zo ta rage nata ta ƙara mata. Don haka kwanon da ya tsallake duk wannan har ya iso hannunku, ku sani wata ce ta ƙi sayar da shi a ranar da take da bukata. Wannan kaɗai ya isa dalilin riƙe shi da mutunci.

Tangaran

Mu daɗe a nan, domin shi ne ya fi saurin karyewa, kuma shi aka fi cutarwa da sunan tsabta.

Asalin tangaran daga ƙasar Sin yake, inda birnin Jingdezhen ya yi suna da shi tun ɗaruruwan shekaru. Turawa sun daɗe suna saye ba su san sirrin haɗinsa ba, sai a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus. Daga baya garin Stoke-on-Trent na Ingila ya zama cibiyar sana'ar. Da wata irin farar ƙasa ake yin sa, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, a gasa ta da wutar da ta haura digiri 1,200. In kuka kifa faranti za ku ga hatimi a gindinsa, wanda yawanci ke nuna sunan masana'anta da ƙasar da aka yi shi. Yanzu da kuke karatu, wannan hatimi shi ne abu na farko da ya kamata ku duba.

Ba kowane farin faranti ne tangaran na ainihi ba. Ku ɗaga shi wajen haske, ku sa yatsu a bayansa. In kun hango inuwar yatsun, na ainihi ne, jikinsa ba ya shan ruwa. In ba ku ga komai ba, wataƙila yumɓu ne da aka shafe da ƙyalli, wanda da zarar ƙyallin ya tsage sai ruwa da mai su ratsa ciki, ya yi dabbare-dabbaren da ba ya fita. Akwai kuma gwaji na biyu. Ku ɗora farantin a tafin hannu, ku ƙwanƙwasa gefensa da farce a hankali. Lafiyayye yana ba da ƙara mai tsawo. In ƙarar ta fito a dakushe ta mutu nan take, akwai tsaga, ko da ido bai gan ta ba. Irin wannan a ware shi, kada a ƙara zuba masa abu mai zafi.

Ranar wanki, a fara da cire zobe da awarwaro. A samu bahon roba, ba daron ƙarfe ba, a shimfiɗa tawul a ƙasansa. Ruwan ya zama mai ɗumi kaɗan, wanda hannu ke shiga ba tare da an janye ba, domin sauyi daga sanyi zuwa zafi farat ɗaya yana fasa tangaran. Wannan ya fi faruwa da hunturu, lokacin da kofi ya kwana cikin sanyi aka tsiyaya masa tafasasshen shayi da asuba. A sa sabulun ruwa kaɗan, a wanke da tsumma mai laushi, ɗaya bayan ɗaya, a ɗauraye, a goge nan take. Soson ƙarfe da toka da yashi na tukunya ne. A jikin tangaran suna kankare zanen, musamman layin nan mai ruwan zinari da ke bakin faranti, wanda siriri ne ƙwarai kuma in ya tafi ya tafi ke nan. Haka ma bilic: yana iya farar da tabo yau, amma in ya shiga tsaga yana ci gaba da ɓarna daga ciki. Abin da ya taɓa karyewa aka liƙe shi, ko mai tsaga, ba a jiƙa shi cikin ruwa, goge shi ake yi da tsumma mai danshi.

Wajen ɗauka, hannu biyu. Kada a ɗaga butar shayi ta mariƙinta kaɗai, kada a ɗaga kofi ta kunne alhali ba a tallafi gindinsa ba, domin mariƙi liƙa shi aka yi tun wajen gini, kuma nan ne ya fi rauni. A sauke murfi tukuna kafin a motsa uwar. Yarinyar da ake koya wa aikin gida ta fara da kwanon silba. Tangaran ɗin kaka ba wurin koyon wanke-wanke ba ne.

Wajen ajiya, Hausawa sun riga sun faɗa: ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Faranti ya hau kan faranti ɗan'uwansa, babba a ƙasa, kuma kada su wuce biyar ko shida. A sa ƙyalle ko farar takarda tsakaninsu, saboda gindin faranti ba shi da santsi, yana ƙarce fuskar na ƙasansa. Jarida tana zubar da tawada in ta daɗe, don haka ba ita ce ta dace ba. Kofuna kuwa kowane ya zauna da gindinsa.

In tsautsayi ya sa abu ya fashe, a tsince gutsattsarin duka, har ƙananan, a naɗe kowane daban. Kada a yi gaggawar ɗiga masa gam ɗin nan mai kamawa nan take. In aka liƙe a karkace ba ya gyaruwa, kuma yana barin tabo. Ma'aikatan gidajen tarihi da irin gam ɗin da za a iya narkarwa a sake gyara suke aiki. Kowane irin gam aka sa, abin ya tashi daga na cin abinci, ya koma na kallo.

Kwano da tasa

Abin da muke gani kamar fenti a jikin kwalla da langa da samira, gilashi ne aka narkar a kan ƙarfe da wuta mai zafin kusan digiri 800. Shi ya sa in kwano ya faɗi yake ɓantarewa, baƙin ƙarfen ya bayyana. Ta wannan ƙofa tsatsa ke shiga, tana cin ƙarfen a ƙarƙashin launin har ya huje. Maganin abin shi ne bushewa. A wanke, a goge, a bar shi ya sha iska kafin a rufe, sannan a ɗan shafa mai a wurin da ya ɓantare. Da damina kada a bar jere a ƙasa ko a jingine da bangon da ke tsotsar ruwa. Kada kuma a kai wa mai fenti ya rufe tabon, domin fentin ba ya zama, kuma yana ɓata asalin zanen.

Tasoshin tagulla, irin waɗanda maƙeran Bida suka shahara da su, ba sa fashewa, amma yawan gogewa yana cinye zanensu. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, a ce da Sallah. Jiƙaƙƙiyar tsamiya ko lemon tsami suna fitar da haskensu kamar yadda iyayenmu suka saba yi, sai dai dole a ɗauraye sosai a busar, don tsamin da ya maƙale cikin zane yana ci gaba da cin ƙarfen. Koren abin nan da ke fitowa a jikin tagulla guba ne. Saboda haka ba a ajiye fura da nono, ko kunun tsamiya, ko zoɓo a cikin tasa. Wanda ke son sanin ko tasarsa ta ainihi ce, ya kanga mata maganaɗisu: ba ya kama tagulla, in ya kama to ƙarfe ne aka yi wa rufi.

A nan ina roƙonku abu ɗaya. Masu yawon sayen tsofaffin ƙarafa a kan sikeli suke saye. Ba ruwansu da zane, ba ruwansu da wadda ta mallaka, kuma ƙarshen tasar narkarwa ne. Aikin da maƙeri ya yi kwanaki yana bugawa sai ya tafi a kuɗin kilo. In har bukata ta tilasta sayarwa, a fara tallata wa dangi.

Ƙwarya, akushi, tufafi da takardu

Ƙwarya da akushi ba sa son jiƙo, ba sa son rana mai zafi. A inuwa ake shanya su. Iskar hunturu tana tsaga akushi, ɗan man kaɗe da aka shafa aka goge yana taimaka masa. Ƙwarya ta fi zama lafiya a ragaya, in ta tsage kuma aikin gyartai ne. In kuka ga wani gari mai laushi yana zubowa daga ƙananan huji, ƙwaro ya shiga, sai a raba abin da sauran nan da nan.

Zanen saƙi da babbar riga mai aiki a naɗe su cikin farin ƙyallen auduga, ba leda ba, don leda tana riƙe danshi ta jawo fumfuna. A riƙa fito da su suna shan iska a inuwa, a sauya wurin ninki don kada zaren ya karye a layi ɗaya. A ɗaga adaka daga ƙasa saboda gara. Masu sa kafur don korar asu su kula ƙwarai, yara na ɗaukarsa alewa, kuma guba ne.

Alƙur'ani rubutun hannu da littattafan malam da ke cikin gafaka, kada a liƙa musu salatif, kada a kai su a manne su cikin roba da inji, kada a sauya jerin warƙoƙinsu. Gidan Arewa da ke Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, suna adana irin waɗannan rubuce-rubuce, ana iya neman shawararsu. Ku sani kuma tun 1979 dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Nijeriya ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba tare da izini ba.

Jere

Kabad mai gilashi ta fi kanta a buɗe, saboda ƙurar hunturu. Duk ƙurar da aka hana sauka, wanki ɗaya ne aka rage, kuma wanki shi ne lokacin haɗari. A tabbata ƙafafun kabad ɗin sun zauna daidai, a ɗaure bayanta da bango da ƙusa, domin yaro mai rarrafe in ya kama ƙofa ya miƙe yana iya jawo ta kansa. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. In ana son faranti ya tsaya a tsaye don a ga zanensa, kafinta ya buga siririn katako a kan kantar ya tare gindinsa. A nisanta jere daga bayan ƙofa, daga hayaƙin murhu, da kuma kaskon turaren wuta, wanda hayaƙinsa ke barin danƙo a jikin kaya. Kayan zinari da azurfa ba na jere ba ne, a ɓoye ake ajiye su.

Ba dole ne a fito da komai lokaci guda ba. Kabad da aka cusa wa kaya har baki, ba a ɗaukar ɗaya sai an ture uku. A zaɓi kaɗan a ba su fili, sauran su huta a akwati, bayan wasu watanni a musanya. A ganina kuma lafiyayyun cikinsu su riƙa fitowa ranar Sallah ko suna ana amfani da su. Yaran da suka sha shayi a kofin kakarsu, aka gaya musu nata ne, su ne za su damu da shi in ya zo hannunsu.

Ranar tashi, kowane abu a naɗe shi daban, murfi daban. Faranti a jera su a kan gefensu cikin kwali, a cike duk wani gurbi da tsumma har sai an girgiza ba a ji motsi ba. Wannan kwalin a cinya yake tafiya, ba a bayan akori-kura tare da gado da turmi ba.

Wanne ake ci a ciki

Wasu tsofaffin tangaran da kwanuka an haɗa launinsu da dalma ko makamantanta, musamman ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro. Abinci mai tsami ko mai zafi yana iya jawo ta. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu. Can ta hanyar haƙar zinari ce, ba ta kwano ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara da masu juna biyu ta fi yi wa illa. Ido ba ya gane ta. Don haka duk farantin da zanensa ke ciki wurin da abinci ke taɓawa, aka shafa aka ji tudun zanen, ko aka ga yana gogewa, ko ƙyallinsa ya yi tsage-tsage, a bar shi a jere. Haka kwanon da ya ɓantare ta ciki.

Ranar rabo

Kayan ɗaki mallakar mace ne. In ta rasu sun shiga cikin gadonta, kamar gona ko kuɗi, kuma rabonsu yana cikin Suratun Nisa'i. A gidaje da yawa akan ce kayan mata na mata ne, 'ya'ya mata su kwashe. Wannan yana halatta ne kawai in sauran magada sun yafe da bakinsu, kuma babu mai ikon yafe rabon maraya ƙarami a madadinsa. Wata ɓarnar kuma ita ce a tsinka saiti: buta ta tafi gidan yaya, kofuna uku gidan ƙanwa, farantai gidan wa. Kowa ya samu, amma babu wanda ya samu abu cikakke.

Hanya mafi kyau ita ce a kira wanda ya san kaya ya yi musu kuɗi. Ga misali don lissafi. Mace ta rasu, iyayenta sun riga ta, ta bar miji da ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata biyu. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, kayan sun tashi naira 160,000. Miji yana da rubu'i, wato 40,000. Saura 120,000 a kasa huɗu, namiji ya ɗauki kashi biyu, 60,000, kowace mace 30,000. In saitin shayi ya tashi 40,000 kuma babbar 'yar ce ke so, sai ta ɗauke shi cikakke ta mayar wa sauran magada 10,000.

Iyaye mata da ke cikin ajin nan, wannan naku ne. In kina son wata 'yarki ta mallaki wani abu, ki ba ta tun kina da rai, ta karɓa ta ɗauke, a gaban shaidu. Cewa “in na mutu na wance ne” wasiyya ce, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun amince.

Littafin kaya

Kwano ba ya faɗin wadda ta saye shi. Labarinsa yana bakin Goggo da Inna da Baba, kuma ba za mu kasance tare da su kullum ba. A nan ne rubutun da kuka koya zai yi aikin da iyayenmu ba su samu damar yi ba. Ku sayi littafin rubutu ɗaya ku keɓe shi. Kowane abu a ba shi lamba, a rubuta mene ne shi, na wace ce tun farko, daga ina ya zo, wane lahani ke jikinsa, kuma na wane ne yanzu. In akwai waya a ɗauki hotonsa, sama da gindi. Lambar a rubuta ta a guntun kwali a ɗaura da zare, ko a sa cikin abin. Kada a rubuta a jikinsa da maka, kada a manna masa takarda. Shafin zai iya zama kamar haka:

Lamba 3. Tasa mai murfi, da zanen ganye. Ta kakata ce ta wajen uwa, tana cikin jerenta na aure. Goggo ta ce a Bida aka saya. Murfin ya ɗan loɓa ta gefe ɗaya. Yanzu tawa ce da ƙanwata.

Abin da aka tabbatar a rubuta shi kai tsaye. Abin da aka ji a bakin wani a rubuta da sunan wanda ya faɗa, kamar yadda aka yi a misalin nan, don na baya su san inda maganar ta fito.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya za a gane faranti yana da tsaga alhali ido bai gan ta ba?
2. Me ya sa ba a ajiye fura da nono a cikin tasa?
3. A misalin rabon da ke sama, in saitin shayin ya tashi naira 45,000, nawa 'yar za ta mayar?

Aikin gida

Ku zaɓi abu ɗaya da kuka gada, ko wanda ke ɗakin mahaifiyarku. Ku je wurin mafi tsufa a danginku, ku gaishe ta, ku tambaye ta: “Goggo, wannan na wace ce, kuma yaya aka yi ya zo gidan nan?” Ku rubuta amsarta cikin jimla biyar. In akwai hatimi a gindin abin, ku kwafe haruffansa kamar yadda suke, ku zo da littafin aji na gaba mu karanta tare.